Wa ke riƙe da mabuɗin gidan yari? Amsa ga mai tambaya kan ƙanensa da ke jiran shari'a a Sakkwato

Tambaya: Wani bawan Allah daga cikin garin Sakkwato ya aiko cewa ƙanensa ya shiga wata na goma sha huɗu a gidan yari ba tare da an fara sauraron shari'arsa ba, tun bayan da 'yan sanda suka gurfanar da shi gaban kotun majistare bisa zargin hannu a wani fashi da makami. Yana son ya san wace hukuma ce ke tafiyar da gidajen yari a Najeriya, me ya sa ma'aikatan gidan suke ce masa babu abin da za su iya yi, wane haƙƙi ɗan'uwansa yake da shi ta fuskar abinci da magani da ziyara, kuma ta wace ƙofa ya kamata ya bi.

Amsa: Malam, Allah ya kawo wa ƙanenka mafita, ya ba iyayenku haƙuri da juriya. Zan fara da maganar da gandirobobi suka faɗa maka, domin duk da cewa tana da ɗaci a kunne, gaskiya ce suka gaya maka. Ma'aikacin gidan yari ajiya aka ba shi, kuma mai riƙon ajiya ba ya da ikon miƙa ta ga kowa sai da izinin wanda ya kawo ta. Kotu ce ta rubuta takardar tsare ƙanenka, kotu ce kuma kaɗai za ta rubuta takardar sakinsa, in ban da afuwar gwamna wadda ita ma ba ta shafi wanda ba a yanke wa hukunci ba. Saboda haka duk zirga-zirgar da kuke yi zuwa bakin ƙofar gidan yari kuna roƙon a duba lamarinsa, alhali fayil ɗinsa yana kwance a wani ofishi daban, wahala ce da ba za ta motsa komai ba. Idan ka fahimci yadda aka raba wannan aiki tsakanin hukumomi, za ka gane inda ya dace ku mai da ƙarfinku da ɗan abin da ke hannunku.

Gidajen yarin ƙasar nan suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya. Kwanturola Janar ne ke shugabantar ta daga Abuja, a ƙarƙashinsa akwai shugabannin shiyyoyi, sannan kowace jiha tana da kwanturola guda, kowane gida kuma yana da jami'in da ke kula da shi. Ɗan jihar nan ne, Haliru Nababa, ya riƙe shugabancin hukumar daga 2021 zuwa ƙarshen 2024. Ba haka tsarin yake ba tun asali. A zamanin Turawa, yawancin gidajen yarin Arewa na En'e ne, suna hannun sarakuna, Yari da mutanensa ne ke kula da su, kuma sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe su ta haɗe su da nata. Dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ce ta ci gaba da tafiyar da su kusan shekara hamsin, har zuwa watan Agusta na 2019 lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar doka wadda ta raba aikin hukumar gida biyu, wato sashen tsare mutane da sashen hukuncin da ba na ɗauri ba.

Tushen matsalar da ta ci ƙanenka yana nan: gidan na gwamnatin tarayya ne, ita ke biyan albashin ma'aikata, ita ke ciyar da fursunoni, amma kusan kashi tara cikin goma na waɗanda ke ciki an tsare su ne bisa laifuffukan da dokokin jihohi suka tanada, kuma kotunan jihohi ne suka tura su. Wanda ke cika gidan ba ya jin nauyin kuɗin ciyarwa, wanda ke ciyarwa kuma ba ya da ikon rage mutane. A ganina wannan rarrabuwa ta fi kowane dalili bayyana abin da ya sa cunkoso ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 'yan shekarun nan yawan fursunoni a faɗin ƙasar yana kaiwa kimanin 80,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku na wannan adadi mutane ne irin ƙanenka, waɗanda kotu ba ta taɓa samun su da laifi ba. Idan aka kwatanta da yawan al'ummar Najeriya, wannan adadi ba shi da girma, domin ƙasashe da yawa sun fi mu ɗaure mutane nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta mu shi ne yawan waɗanda muke tsarewa kafin shari'a da tsawon lokacin da muke barin su a haka.

Yanzu bari in yi maka bayanin yadda mutum yake maƙalewa, domin a nan ne maganinka yake. Fashi da makami laifi ne da dokar tarayya ta tanadar wa hukuncin kisa, kuma kotun majistare ba ta da hurumin sauraron irinsa, sai babbar kotun jiha. To amma 'yan sanda ba su da ikon ci gaba da riƙe mutum a ofishinsu, domin sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan ta fi haka nisa. Sai su kai shi gaban majistare, shi kuma majistaren ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan yari har sai an samu shawarar lauyoyin gwamnati. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin irin wannan tsarewa a wani hukunci da ta yanke a 2007. Daga nan wajibi ne ɗan sandan da ya binciki lamarin ya kwafi fayil ɗin ya aika wa Ma'aikatar Shari'a ta jiha, inda ofishin daraktan gabatar da ƙararraki zai karanta shi ya ce ko dai akwai hujjar da za a shigar da ƙara a babbar kotu, ko kuma babu hujja a saki mutumin. Tsakanin teburin ɗan sanda da teburin lauyan gwamnati ne shekarun mutane suke salwanta. Wani lokaci fayil ɗin bai taɓa barin caji ofis ba, saboda an yi wa mai binciken canjin wurin aiki kuma wanda ya gaje shi bai san da zancen ba. Wani lokaci ya isa ma'aikatar amma yana cikin tarin ɗaruruwan irinsa a hannun lauyoyi ƙalilan. Wani lokaci ma an riga an rubuta shawarar cewa a saki mutumin, amma takardar ba ta koma kotun majistaren ba, shi kuma yana can yana ƙirga kwanaki. Duk wannan lokaci ana iya riƙa kai shi kotu wata-wata a ɗage zama, ko ma a daina kai shi saboda babu mota ko babu mai, kuma babu wanda zai ji an taɓa shi in dai dangi ba su tashi tsaye ba.

Doka ba ta yarda da wannan ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade cewa umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya sabunta shi da wasu kwana 14 idan an kawo dalili mai ƙarfi, bayan haka kuma dole kotu ta kira kwamishinan 'yan sanda da Antoni Janar su zo su bayyana dalilin da zai hana a saki mutumin, idan ba su kawo dalili ba a sallame shi. Jihar Sakkwato ta yi tata dokar a 2019 bisa wannan tafarki, kuma da ita lauyanku zai kafa hujja a kotunan jiha. Akwai wani abu da nake son ka riƙe da kyau. Kundin tsarin mulki ya ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, da sharaɗi ko babu sharaɗi, amma ya togace waɗanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, saboda haka wannan sashe shi kaɗai ba zai fitar da ƙanenka ba. Sai dai dokar 2015 ta ba alƙalin babbar kotu ikon ba da beli ko da a irin wannan laifi idan akwai yanayi na musamman, kuma ta ambaci misalai biyu a fili: rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, da jinkirin bincike ko gurfanarwa da ya wuce shekara ɗaya. Wata goma sha huɗu ya zarce shekara, don haka kuna da ƙafar tsayawa.

Abin da zan ba ka shawara ka fara da shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ka je wurin magatakardan kotun da ta tsare shi ka samo lambar ƙarar, da kwafin takardar tuhumar da 'yan sanda suka shigar, da ranar da aka yi zama na ƙarshe. Ofishin ajiye bayanai na gidan yarin ma yana da lambar takardar tsarewarsa, kuma jami'in walwalar fursunoni zai iya taimaka maka ka same ta. Da waɗannan a hannu, lauya zai rubuta wa Ma'aikatar Shari'a ya tambaya ko fayil ɗin ya iso, idan bai iso ba ya rubuta wa rundunar 'yan sanda, kuma sau da yawa wannan wasiƙar kaɗai takan tayar da fayil ɗin da ya yi shekara yana kwance. Idan hakan bai yi ba, sai a shigar da buƙatar beli a babbar kotu, ko a shigar da ƙarar neman kare haƙƙin ɗan Adam bisa ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, wadda kotuna ke ba muhimmanci wajen saurare. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofishi a jiha kuma aikinta kyauta ne, akwai kuma reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda doka ta ba ikon shiga gidajen yari ta duba halin da ake ciki. Sannan Babban Jojin jiha yana da iko a ƙarƙashin wata doka ta musamman ya ziyarci gidan yari ya saki duk wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka a fili, ko wanda ya riga ya zauna fiye da iyakar ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifin. Kafin irin wannan ziyara ana haɗa jerin sunayen da za a duba, don haka ka tabbata lauyanku ya nemi a sa sunan ƙanenka tun da wuri.

Ina roƙonka ka yi hattara da masu zuwa su ce sun san wani babba, a ba su kaza su fito da shi cikin mako guda. Iyalai da yawa sun sayar da gona ko dabbobi a kan irin wannan alkawari, kuma wanda ya karɓi kuɗin ba ya da hannu a kan ko da takarda ɗaya ta shari'ar. Duk kuɗin da za ku biya lauya ku karɓi rasit, ku kuma nemi ganin kwafin abin da ya shigar a kotu da hatiminta a kai.

Game da yadda ake riƙe su a ciki, zan gaya maka abin da doka ta ce da abin da ido ke gani, domin akwai rata mai faɗi tsakaninsu. Abinci 'yan kwangila ne ke kawo shi bisa kuɗin da gwamnatin tarayya ta ware wa kowane fursuna a rana. A watan Disamba na 2023 shugaban hukumar ya shaida wa kwamitin majalisar tarayya cewa naira 750 ake kashewa a kan fursuna a rana, alhali karnukan tsaro na hukumar naira 800 ake kashe wa kowannensu, maganar da ta tayar da ƙura a lokacin. Daga baya an ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125. Kai da kake sayen gero da shinkafa da mai a kasuwar Sakkwato ka san abin da wannan kuɗi zai saya na ci uku, balle kuma a cikinsa ne ɗan kwangila zai cire ribarsa da kuɗin itace da na dako. Shi ya sa gabzar da ake ba su take riƙe rai kawai, kuma wanda ba ya da mai kawo masa ɗauki daga waje ramarsa takan bayyana cikin 'yan watanni. Wanda ke jiran shari'a yana da damar a riƙa kawo masa abinci daga gida da izinin jami'in da ke kula da gidan, kuma yawanci za a sa wanda ya kawo ya ɗanɗana kafin a karɓa. Idan ba za ku iya kullum ba, ku riƙa kai masa abin da ba ya lalacewa da wuri, irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da sukari, ku haɗa da sabulu da man shafawa, domin sabulu a can yana da daraja ƙwarai.

Cunkoso shi ne uwar sauran cututtuka, kuma abin takaici ya fi tsanani a ɗakunan masu jiran shari'a. Da yawa daga cikin gine-ginen tun na zamanin Turawa ne, an yi su domin mutane kaɗan, tagoginsu ƙanana ne, ga shi a ƙasarmu zafin watan Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40. Ɗakin da aka cusa wa ninkin mutanen da aka gina shi dominsu, aka kulle shi tun yamma har safiya, wuri ne da tarin fuka da ƙazuwa da sauran cututtukan fata suke yaɗuwa cikin sauƙi, kuma lokacin zafi akwai fargabar sanƙarau. Akwai ɗakin shan magani a manyan gidajen, da ma'aikatan lafiya na hukumar, amma magunguna sukan yi ƙaranci, kuma idan ciwo ya yi tsanani har sai an fita da mutum asibiti, dangi ne galibi ake nema su biya. Idan ka lura ƙanenka yana tari fiye da mako biyu, ko yana zufa da dare yana ramewa, ka matsa a yi masa gwajin tarin fuka, domin gwajin da maganin kyauta ne a tsarin gwamnati, kuma takardar likitan za ta yi amfani a buƙatar belinsa.

Akwai wani rashin adalci da ba kowa ke lura da shi ba. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, ana fito da shi aiki, yana iya shiga ɗakin koyon ɗinki ko kafinta ko walda, yana iya zana jarrabawar kammala sakandare, a wasu gidajen ma har akwai cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa inda fursunoni ke karatun digiri ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Shi kuwa mai jiran shari'a, tun da doka tana ɗaukarsa mara laifi, ba a tilasta masa aiki, kuma tun da ba a san ranar tafiyarsa ba, ba a cika sa shi cikin tsarin koyon sana'a ba. Sakamakon haka shi ne wanda ba a tabbatar wa laifi ba ya fi wanda aka tabbatar wa shan ƙunci, yana wuni a kulle babu abin yi kuma babu ranar da yake jira. Wannan zaman rashin tabbas yana taɓa ƙwaƙwalwa fiye da yadda mutane ke zato, don haka ziyararku da labarin da kuke kai masa na inda aka kwana a shari'arsa suna cikin abin da ke riƙe da hankalinsa. Ziyara haƙƙi ce a ranakun da aka tsara, ba a sayar da ita, kuma ganawarsa da lauyansa haƙƙi ce da ba ta jiran alfarmar kowa.

A cikin kowane ɗaki fursunoni suna da nasu shugabanci, da mai raba wurin kwanciya, da mai hukunta wanda ya karya dokar ɗaki, kuma sabon shiga yakan biya wani abu kafin ya samu wuri mai iska. Ma'aikata sun san da wannan tsari, a wasu wurare ma da shi suke samun sauƙin riƙe jama'ar da ta fi ƙarfin adadinsu. Ban kawo wannan domin in wanke kowa ba, amma adalci ne a faɗa cewa gandiroba ma yana aiki cikin wannan zafi da wannan wari, yana shaƙar iskar da masu tari ke shaƙa, kuma shi ne a bakin ƙofa ranar da aka kawo hari. An fasa gidan yarin Owerri a watan Afrilu na 2021 fursunoni fiye da 1,800 suka tsere, an kai hari Kuje a watan Yuli na 2022 ɗaruruwa suka fice, a Suleja ruwan sama ne ya rusa katanga a watan Afrilu na 2024, a Maiduguri kuma ambaliya ce a watan Satumba na 2024. Kowane irin wannan lamari yana sa a ƙara tsaurara bincike da taƙaita ziyara a sauran gidaje, kuma iyalai irin naku ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 tana ɗauke da tanade-tanade masu kyau waɗanda da ana aiki da su da abubuwa sun yi sauƙi. Sashe na 12 ya ce idan gida ya cika ya wuce ƙima, kwanturolan jiha ya sanar da Babban Joji da Antoni Janar da kwamitin afuwa cikin mako guda, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, har ma ya ba shi ikon ƙin karɓar sababbin mutane. Dokar ta hana a karɓi wanda aka kawo da mummunan rauni a jiki, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko mai taɓin hankali, ko yaron da bai kai shekarun girma ba, kuma hikimar wannan ita ce kada gidan yari ya zama wurin ɓoye abin da aka yi wa mutum a wurin bincike. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da duka ko gallazawa domin a tilasta wa mutum amsa laifi babban laifi a kan jami'in da ya aikata, don haka idan ƙanenka ya ce an tilasta masa sa hannu a kan wata takarda, lauyansa ya sani tun yanzu. An tanadi a ware mata a wurinsu dabam a ƙarƙashin kulawar ma'aikata mata, a kula da masu ciki da masu shayarwa. An tanadi kada a haɗa yara da manya, amma gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da su uku ne kacal, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, shi ya sa ake samun waɗanda ake ƙara wa shekaru a takarda domin a samu wurin ajiye su. Ikon ƙin karɓar mutane kuwa ba kasafai ake amfani da shi ba, domin jami'in da ya mai da motar 'yan sanda da fursunoni a ciki ya san zai sha tambayoyi daga sama.

Tun da za ka ji ana maganar a bakin ƙofa, bari in taɓo lissafin ɗauri a taƙaice. Abin da mutane ke cewa shekarar gidan yari wata takwas ce ya samo asali ne daga rangwamen kashi ɗaya cikin uku da ake yi wa wanda aka ɗaure fiye da wata guda idan ya nuna halin kirki, kuma ana iya janye masa shi idan ya yi laifi a ciki. Mai jiran shari'a ba ya da wannan rangwame, sai dai idan an zo yanke hukunci lauya ya roƙi kotu ta lissafa zaman da ya riga ya yi. Waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa sun haura 3,000 a ƙasar, gwamnoni kuma ba su cika sa hannu a zartar ba, shi ya sa dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Joji ikon mai da hukuncin ɗaurin rai da rai ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara kuma ya yi shekara goma yana jira.

Akwai rukunin da ke ci mini rai ƙwarai, wato waɗanda ke ciki saboda tara ko diyya ko bashin da suka kasa biya. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni da kamfanoni aka biya musu tara, kuma idan ka raba kuɗin za ka ga abin da ya riƙe kowannensu bai kai naira dubu ɗari da hamsin ba a matsakaici. Doka ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, amma sau da yawa akan sauya wa rigimar bashi suna ta koma zamba ko cin amana domin a samu hanyar tsare shi. Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ya kuma sa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka, don haka attajiranmu da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha suna da hurumi na shari'a su shiga wannan fage duk shekara, ba sai watan azumi kaɗai ba. Alƙalanmu na majistare da na kotunan shari'ar Musulunci su ma suna da zaɓin da doka ta ba su na yanke aikin yi wa al'umma hidima, ko sa ido a kan mai laifi yana gidansa, ko sulhu da biyan wanda aka cuta, maimakon tura ɓarawon akuya ya zauna ɗaki ɗaya da ƙwararrun 'yan fashi. Kuma tun watan Maris na 2023 aka gyara kundin tsarin mulki aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, saboda haka gwamnatin jiha ba ta da sauran uzurin cewa wannan lamari na Abuja ne. Ko ba ta gina sabon gida ba, ƙara lauyoyi a Ma'aikatar Shari'a, da sa wa'adin fitar da shawara a kan kowane fayil, da samar da motocin kai fursunoni kotu, abubuwa ne da ke hannunta kuma su ne za su fi rage cunkoso.

Idan Allah ya sa babbar kotu ta ba da belin ƙanenka, ku shirya masu tsaya masa tun kafin ranar, domin mutane da yawa sukan ƙara watanni a ciki bayan an ba su beli saboda sun kasa cika sharuɗɗa. Kotu takan nemi mutum mai adireshi tabbatacce a cikin hurumin kotun, wani lokaci ma'aikacin gwamnati mai wani matsayi ko mai takardar mallakar fili, kuma dokar 2015 ta fayyace cewa ba a hana mace tsayawa wa mutum saboda kasancewarta mace. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, lauya yana iya komawa gaban alƙalin ya nemi a sassauta su. Bayan an cika su, magatakarda zai shirya takardar saki alƙali ya sa hannu, ma'aikacin kotu ne zai kai ta gidan yari, su kuma za su duba ko akwai wata takardar tsarewa ta wata ƙara dabam a kansa kafin su buɗe masa ƙofa, don haka ka tambayi ofishin bayanansu wannan tun yanzu. Ka kuma ja masa kunne cewa beli ba ƙarshen shari'a ba ne, duk ranar da aka sa zama dole ya halarta, domin rashin zuwa sau ɗaya ba tare da uzuri ba yana iya sa a soke belin a mai da shi ciki, waɗanda suka tsaya masa kuma su shiga cikin matsala.